Su suna gini don ƙanƙararsu, mu a Sakkwato don wa muke yi?

Cikin hunturun da ya wuce wata rana bayan isha'i ƙanena da ke karatu a Finlan ya kira mu ta bidiyo a WhatsApp, muna zaune falo ni da maiɗakina da yara kowa ya duƙunƙune, ni har da hular sanyi da safa, ƙaramar ɗiyata tana ta tari saboda ƙurar da ke shigowa ta gefen taga. Shi ko sai ga shi da 'yar riga mai gajeren hannu, ƙafa ba safa, shina shan shayi hankali kwance. Na ce kai Auta ba ka ce muna ƙasar ƙanƙara ce ba, ko ta ƙare ne? Sai ya juya wayar wajen taga, wallahi ko'ina fari fat ƙarƙashin fitilun titi, motoci sun nutse har rabi, ya ce Yaya yanzu haka waje digiri 20 ne ƙasa da sifili, amma nan cikin ɗaki 21 ne sama da sifili, kuma ko bargo biyu ban taɓa rufa da shi ba tun da na zo.

Mu a daren nan sanyin Sakkwato bai wuce a ce digiri 15 ba. Wato tsakanin waje da ɗakinshi akwai tazarar digiri 41 kuma bango ya tare ta, mu kuma duk abin da ke waje shi ne a cikin ɗaki, in hunturu ne hunturu, in bazara ce bazara har da ƙari. Tun ranar abin ya tsaya mini a rai, na yi ta karance-karance ina tambayar duk wanda na san ya san harkar gini, kuma abin da na tsaya a kai shi ne mutanen ƙasashen sanyi sun zauna sun kalli ƙasarsu sun gina gidan da ya dace da ita, mu kuma mun je mun kwaso hoton gidajensu mun baro hankalin da sunka yi amfani da shi.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne su ma ba haka sunka taso ba. Sai da wahala ta koya musu. A 1973 lokacin da ƙasashen Larabawa sunka hana man fetur fita, farashi ya yi tashin gwauron zabo, mutanen da ke ƙona mai don ɗumama gida sunka ji a jikinsu. A Kanada, birnin Regina da ke lardin Saskatchewan, inda sanyi kan kai 30 ƙasa da sifili, gwamnati ta sa anka gina wani gida na gwaji a 1977. Sun yi mai bango mai kauri sun cusa abin tare zafi a ciki, sun toshe duk wata kafa da iska ka iya bi, sun kuma ɗora mai wata na'ura mai tsada ta tara zafin rana. To abin da ya faru shi ne na'urar nan mai tsada ita ce ta ba da matsala har daga baya anka cire ta, amma bangon da rufin sunka ci gaba da aikinsu ba tare da sun nemi komi ba. Wanga labari ina so duk mai shirin kashe miliyoyi wajen sola da batura ya riƙe shi, don yanzu a Sakkwato kowa maganar sola yake, ba wanda ke maganar bango.

Daga nan ne wani masanin kimiyya Bajamushe, Wolfgang Feist, da wani farfesa ɗan Suwidin, Bo Adamson na jami'ar Lund, sunka ɗauki maganar a 1988, har anka gina gidajen farko guda huɗu a jere a garin Darmstadt na Jamus, mutane sunka tare a 1991. Suna kiran tsarin Passivhaus, ma'ana gidan da ke riƙe kanshi da kanshi ba sai an yi ta hura mai wuta ba. Kuma ba da baki ake cewa gida ya cika ƙa'ida ba, lissafi ne, kowane murabba'in mita na gidan kar ya buƙaci ɗumi fiye da yunit 15 a shekara, yunit irin na mitar wuta. Ka ɗauka gida mai murabba'in mita 100, yunit 1,500 ke nan shekara guda cur a ƙasar da ake ƙanƙara. Mu nan esi guda mai hos ɗaya da rabi yana cin sama da yunit ɗaya a awa, in ka kunna shi awa 8 kullum a ɗakin da ba ya riƙe sanyi kafin wata shida ya lashe wannan, ɗaki ɗaya fa ba gida ba.

Yadda suke yi babu wani sihiri. Bangon ana sa mai wani abu mai kama da auduga da ake yi da dutse ko gilashi, ko soso, ko ma tsofaffin jaridu da anka niƙa, kaurinshi kusan ƙafa guda, a rufi ma har ya fi haka don ta sama ɗumi ya fi gudu. Taga gilashi uku ne a jere da iskar gas a tsakaninsu, kuma manyan tagogin kudu suke kallo don a can rana ta kudu take bi, cikin sanyi ko ɗagowa sosai ba ta yi, to duk ɗan hasken da ta bayar so suke ya shigo ɗaki. Akwai garuruwa irin su Tromso a arewacin Nowe da rana ba ta fitowa gaba ɗaya daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu. In an gama gini ana kawo wata babbar fanka a maƙala a bakin ƙofa a zuƙe iskar gidan a auna ko akwai inda yake yoyo, in ya zarce ƙa'ida sai an nemo kafar an toshe. Sannan tunda gidan a toshe yake, akwai na'ura mai fitar da iskar ɗaki ta shigo da sabuwa, kuma a hanya sai mai fita ta ba mai shigowa ɗuminta ba tare da sun gauraya ba, aƙalla kashi 75 cikin ɗari na ɗumin yana komawa ciki.

Na san wani zai ce to malam mi ya haɗa mu da wannan, mu da zafi ke kashe mu. Ka duba fulas ɗin da ke gidanku. In matarka ta zuba ruwan shayi da asuba har la'asar da zafinshi, in kuma cikin azumi ta zuba ruwan ƙanƙara har a sha ruwa da sanyinshi, fulas ɗin ɗaya ne, shi dai aikinshi ya hana zafi ratsawa ko daga ciki ko daga waje. Haka kular da ake zuba abinci. Bangon da ya hana ɗumin ɗan Finlan fita shi ne zai hana zafin Afrilu shigo mini. Mu kuma mi muke yi? Bulo inci 6 ko inci 9 mai rami, shi ma an yi mai rowar siminti, a ɗora kwano baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu don wai shi ake yayi, a ƙasanshi silin siriri ko fi-o-fi ba komi a tsakani. Da azahar a watan huɗu ko hannu ba ka iya ɗorawa a kan kwanon nan, duk zafin yana sauka kanka, bulo kuma ya sha rana yini guda da dare ya rinƙa amayo ta. Shi ya sa ƙarfe ɗayan dare za ka ga mutum da gidanshi na miliyoyi a Mabera ko Arkilla ya fito da katifa tsakar gida sauro na cizon yaranshi, don an ɗauke wuta kuma ɗakin ya zama tanda.

Ni ɗan Wurno ne ta wajen uwa, kuma har yau ɗakin kakarmu na nan, ginin ƙasa rufin soro da azara, bangon in ka auna ya fi kamu biyu. Ina yaro in munka je hutu cikin bazara, da rana tsaka in ka shiga ɗakin nan sai ka ji kamar ka shiga randa, cikin hunturu kuma da dare akwai wani ɗumi-ɗumi da ba ka san inda yake fitowa ba. Yanzu na gane. Ƙasa mai kauri tana jinkirta zafi, ranar da ta buge ta da hantsi ba ta isa ciki sai dare ya yi, in hunturu ne ka samu ɗumi kyauta, in bazara ce dama lokacin kowa ya fito waje ko ya hau soro. Abin nan shi ne ainihin abin da 'yan Finlan ke yi da murhunsu na dutse, wani ƙaton murhu a tsakiyar gida da ake hura wa itace na 'yan awanni, dutsen ya shanye zafin ya rinƙa sakinshi a hankali har kashegari.

Zaure ma haka. Ƙanena ya nuna mini cewa gidajen can ba ka shiga falo kai tsaye, sai ka buɗe ƙofa ka shiga wani ɗan ɗaki ka rufe, ka cire takalmi da kwat, sannan ka buɗe ta biyu, don kar iskar waje ta faɗo cikin gida. Na ce ai wannan zaure ne. Mu ma iskar hunturu da ƙurarta a zaure da shigifa take karyewa kafin ta kai tsakar gida, ga sutura ga wurin baƙi. Yanzu ana zana gida babu zaure, daga get sai falo, a buɗe ƙofa ƙura ta shigo har kan tuwo. A Kanada akwai wani garin masu haƙar ƙarfe, Fermont, da sunka gina wani dogon gini sama da kilomita guda a gefen da iska ke fitowa don ya tare wa sauran gidajen, mutane na zaune a cikinshi har da makaranta da shaguna. Su iska guda ta sa sunka tsara gari gaba ɗaya, mu kowa ya san ta arewa maso gabas hunturu ke zuwa kowace shekara, amma ban taɓa jin mai yanka filaye ya yi maganar ba.

Wani abu da ke burge ni da su shi ne kowa da abin da Allah ya ba ƙasarshi yake gini. Mutanen Aislan da ba su da itatuwa sun yi ɗaruruwan shekaru suna gini da dutse da ɓamɓaren ƙasa mai ciyawa, har rufin ma ciyawa ce, yau kuma kusan gida tara cikin goma a ƙasar da ruwan zafin da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa ake ɗumama shi. Nowe da Suwidin da Finlan daji gare su, sai sunka koma katako da ilimin zamani, a 2019 anka buɗe wani bene mai hawa 18 a garin Brumunddal na Nowe, tsawonshi ya haura mita 85, ginshiƙanshi duk katako. A Yakutsk ta Rasha inda sanyin Janairu ke kaiwa kusa da 40 ƙasa da sifili, ƙasar a daskare take shekara da shekaru, to sai suke ɗora gidaje bisa dogayen ƙafafu don kar ɗumin gida ya narkar da ita gini ya nutse. A Stockholm har zafin da manyan ɗakunan kwamfuta ke fitarwa ana tarawa a tura ta bututu a ɗumama gidajen mutane. Nowe da ke sayar wa duniya man fetur, tun 2020 ta hana a ƙona mai don ɗumama gine-gine a cikin ƙasarta.

Mu abin da Allah ya ba mu ƙasa ce da rana. Amma ka zaga gari ka ga sababbin ofisoshi da shaguna da gidajen masu hali, gaba ɗaya fuskar ginin gilashi, wani ma yamma yake kallo, ranar la'asar ta Sakkwato ta buge shi kai tsaye. Gilashin nan a ƙasar sanyi tarkon rana ne, da gangan suke sa shi ya kamo zafi. Mu mun kawo tarkon mun ɗana wa kanmu, sannan mu sayi esi huɗu da janareto mu rinƙa faɗa da zafin da mu munka gayyato. Da can da fetur ke da araha ana iya rufe ido, amma tun da anka cire tallafi a watan Mayun 2023, kuma a Afrilun 2024 kuɗin wuta na masu layin farko, wato Band A, ya kai naira 225 kowane yunit, kiɗa ya sake, rawa ma dole ta sake.

Sai dai kuma kar a ce na ce a kwafo gidan Bajamushe a dasa a Runjin Sambo, wannan ma kuskure ne iri ɗaya da na gilashin. Akwai abubuwan da in munka kwaikwaya za su cutar da mu. Na farko toshe gida ruf, su suna da wutar da ba ta ɗaukewa, na'urar iskarsu tana aiki dare da rana. Mu in ka toshe ɗaki haka wuta ta tafi, ga kuma al'adarmu ta shiga da kaskon gawayi ɗaki cikin hunturu, ko a ajiye janareto bakin taga, ai ka haƙa kabari, hayaƙin gawayi ba shi da wari kuma kusan kowace shekara sai an ji ya kashe mutane suna barci. Mu gidanmu dole ya sha iska, a rufe da rana a buɗe da dare, da ƙananan kafofi can sama kusa da rufi don zafi ya samu hanyar fita, kamar yadda tsofaffin magina ke bari. Na biyu fuskar gida. Su kudu suke nema, mu a nan rana bisa kanmu take bi, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta ma ta ɗan karkata arewa, sauran shekara ta karkata kudu, kuma duka biyun ɗan baranda ko rufin da ya zarto yana tare ta. Abokan gabarmu gabas da yamma ne, musamman yamma. Dogon bangon gida ya kalli kudu da arewa, yamma a ba ta bayan gida da sito da bishiya. Wannan ko kwabo ba ya ci, a takarda ake gyara shi tun kafin a haƙa fandisho.

Na kai maganar nan wajen wani dattijo magini a cikin gari wanda ya yi wa babanmu aiki, na tarar da shi zaune a zaure, bayan mun gaisa na ce Baba don Allah mi ya sa kunka bar ginin ƙasa? Ya yi dariya ya ce, ɗana ba mu munka bari ba, ku kunka bari, yanzu wa za shi ba ɗiyatai ga mai ɗakin ƙasa? Kuma gaskiya ya faɗa. A wajenmu bulo da kwano alama ce ta ka samu, ƙasa alama ce ta talauci, ko lefe ka kai sai an tambaya gidan na siminti ne. Ya kuma ce mini yaɓe duk shekara wahala ce, makuba ta yi wuya don ɗorawa ta ragu, giginyar da ake azara ma sai an yi tafiya mai nisa, yaran da ya koya wa aiki duk sun koma birkiloli.

Ban raina wannan hujja ba ko kaɗan. Duk wanda ya ga ambaliyar 2010, lokacin da ruwa ya taso ta wajen Goronyo ya ci garuruwa har ya karya gadar hanyar jami'a, ya san yadda gidan ƙasa ke narkewa in ruwa ya zauna a gindinshi. Akwai gara, akwai rufin da ke ruftawa kan mutane cikin damina in an yi sakaci. Wanda ya gudu zuwa bulo ba wawa ba ne, tsira ya nema. Abin dai da nake gani shi ne an yi gudun gara an faɗa gidan zago, don matsalar ginin ƙasa tana da magani kuma ba nesa ba. A yi fandisho da dutse da siminti ya ɗago sama da ƙasa sosai, rufi ya zarto ya kare bango daga ruwa, bulon kuma a yi shi da jar ƙasa da ɗan siminti kaɗan a matse da inji ya fito da ƙarfi da kyan gani. Su 'yan Nowe ai ba su koma bukkar kakanninsu ba, katakon kakannin sunka ɗauka sunka haɗa da lissafin injiniya.

Kuma ba sai mun je Turai neman misali ba, maƙwabtanmu ne. Nan Nijar cikin jihar Tawa, Hausawa 'yan uwanmu, akwai masallacin Yama da wani magini Falke Barmu ya fara a 1962 da ƙasa zalla, har ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A garin Dandaji nan Nijar ɗin, masu zanen gini Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da bulon ƙasa matsattse sun mai da tsohon ɗakin karatu, an gama a 2018, duk wanda ya ga hoton ba zai ce ginin talauci ba ne. A Burkina Faso, mai zanen gini Francis Kéré ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001, bangon ƙasa, silin na bulon ƙasa, sai ya ɗaga kwano sama bisa ƙarafuna ya bar sarari iska na ratsawa tsakani, kwanon ya zama laima kawai. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker, wadda ita ce babba a duniyar zanen gini. Yanayinsu namu ne, ranarsu tamu ce. Sai in tuna ajin da 'ya'yana ke zama, yara sun fi 70 ƙarƙashin kwano ba silin, ƙarfe sha biyu na rana a watan biyar malami na koyar da lissafi, wane lissafi zai shiga kai?

Inda nake ganin laifin hukuma shi ne nan. A ƙasashen sanyi ba don kowa na da kirki ne ake sa abin tare zafi a bango ba, doka ce, in ba ka cika ba ba a ba ka izinin gini. Mu ma Najeriya tun 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idar gini mai tattalin makamashi, ta yi maganar yawan taga a jikin bango da yi mata inuwa da sa abin tare zafi a rufi, amma ka tambayi birkiloli goma ko masu gida goma a Sakkwato ka ga ko mutum ɗaya ya taɓa jin labarinta. Ba ina cewa a bi talaka mai ɗaki biyu da takarda ana karɓar tara ba, wannan zai zama wata hanyar cin kuɗi ce kawai. Gwamnati ta fara da kanta. Duk ajin makaranta da ɗakin asibiti da rukunin gidajen ma'aikata da za a ba da kwangila, a rubuta a ciki cewa kwano ya zama fari ko mai haske, a sa abin tare zafi ƙarƙashinshi, tagogi su samu inuwa, a dasa itatuwa kafin a biya kuɗin ƙarshe. A gina ko da makaranta goma da bulon ƙasa matsattse a bakin titi inda kowa zai gani, a sa ma'aunin zafi a ciki da kuma a ajin bulo da ke kusa, a rinƙa faɗin sakamakon a rediyo. Muna da cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, muna da kwalejin kimiyya da fasaha da ke yaye masu zanen gini, aikin nan bai fi ƙarfinsu ba. In masu kuɗi biyu ko uku sunka gina irinshi a unguwar manya, wallahi cikin shekara biyar zai zama yayi, mun san halinmu.

Ga maganar siminti kuma, ni ba maƙiyinshi ba ne, kamfanin da ke Kalambaina ɗiyanmu da yawa nan suke cin abinci, kuma fandisho da linta da gada ba su yiwuwa sai da shi. Amma masana sun ce kusan kashi 8 cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya daga yin siminti yake fitowa, kuma mu da ke bakin hamada mu ne na gaba wajen shan wahalar ɗumamar. Ko ba don wannan ba, duk mai gini ya san yadda kuɗin buhu ya koma cikin 'yan shekarun nan, gidaje nawa sunka tsaya a linta ciyawa ta fito a ciki. In akwai hanyar da za a rage buhunan da gida ke ci kuma a samu ɗaki mai sanyi, ban ga dalilin jin kunyarta ba.

Ni dai ina da ɗan fili a hanyar Dange da na daɗe ina tara kuɗinshi. Zanen farko da anka yi mini falo yamma yake kallo da ƙatuwar taga, na mai da shi na ce a juya, a sa zaure, a ɗaga rufi, a bar kafofin iska a sama. Mai zanen ya ce Alhaji gidan zai yi kama da na ƙauye fa, na ce na ji. Maiɗakina ma da farko ba ta so ba, sai da na nuna mata hoton masallacin Dandaji ta yi shiru, sannan ta ce in dai za a sa tayil a ƙasa kuma bangon ba zai rinƙa zubar da gari a kan kayanta ba ta yarda. Abin da ya rage mini yanzu shi ne injin matse bulo, an ce mini akwai mai shi a wajen Birnin Kwanni, kuma Baba magini ya ce in na samo zai zo da kanshi ya duba ƙasar wurin ko tana da yashi da yawa, don shi da hannu yake ganewa. Bayan sallah nake son mu je.